TASHAR JIRAGEN RUWA DA ARZIKIN ƘASA: DAGA APAPA ZUWA CIKAJI

1. Dalilin wannan darasi

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Zazzau da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina ruwan hakimin da ke zaune fiye da mil 600 daga bakin teku da zancen jiragen ruwa? To, ruwansa da yawa. Takin zamani da manomi ke zubawa a gona, da injin ban-ruwa, da babur, da alkamar da ake yin burodi, galibinsu ko kayan haɗa su ta teku suka shigo. Haka kuma riɗi da citta da zoɓo da fatun da talakawa ke sayarwa, in za su bar Nijeriya, ta teku za su fita. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan da ƙasashen duniya ke sayar wa juna, jiragen ruwa ne ke ɗaukarsu.

Abin da ake so a fahimta a nan ɗaya ne. Arziki yana zama ne a inda kaya suka tsaya aka yi musu aiki. Inda suka ratsa kawai suka wuce, ƙura suke bari. Wannan ƙa'ida ita ta gina Ikko, wadda yanzu aka fi kira Legas, ita ta gina Fatakwal, ita kuma ta gina Sabon Garin Zariya da unguwar Cikaji. Hakimin da ya gane ta zai san abin da ya kamata ya nema wa ƙasarsa.

2. Raƙumi da jirgi

Shekaru aru-aru, ƙasar Hausa arewa ta fuskanta wajen cinikin nesa. Ayarin raƙuma kan tashi daga Kano ko Katsina, ya bi ta Agadas da Gat da Gadamas, har ya kai Tarabulus a bakin Bahar Rum. Tafiyar watanni ce, ga ƙishirwa, ga 'yan fashi, ga kuɗin da ake biyan masu ƙasa a kowane zango. Sai an ɗaure wa raƙuma 6 ko 7 kaya kafin a tashi ton ɗaya. Saboda haka ba a ɗora wa raƙumi sai abin da ke da tsada da rashin nauyi, kamar jemammiyar fata da rinannen tufafi da gashin jimina da hauren giwa. Ba wanda ya taɓa tunanin kai gyaɗa ko auduga Tarabulus, domin kuɗin ɗaukarsu ya ninka kuɗinsu.

Jirgin ruwa mai tafiya da tururi shi ya sake wannan lissafi. Jirgi ɗaya yana ɗaukar abin da raƙuma dubbai ba su iya ɗauka, da ma'aikata kaɗan, ba ya neman rijiya, ba ya neman makiyaya. Da kuɗin ɗauka ya faɗi, sai kaya masu nauyi da arha suka zama abin ciniki. Amma fa jirgi yana bukatar abu biyu: ruwa mai zurfi inda zai tsaya lafiya, da hanyar da za ta kawo masa kaya daga cikin ƙasa. Ikko ce ta samar da na farko, Zariya kuma tana tsakiyar na biyu.

3. Yadda aka buɗe bakin Ikko

Ingila ta karɓi Ikko a shekarar 1861. Garin yana kan tsibiri ne a cikin wani babban tafki, wanda ke haɗe da teku ta wata 'yar mashiga. Cikin tafkin lafiya lau ne ga jirgi, amma a bakin mashigar igiyar ruwa kan tara yashi har ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa, yau yana nan, gobe ya gusa. Manyan jirage ba su iya ƙetare shi. Sai su tsaya a waje cikin igiya, ko kuwa su wuce Forcados, ɗaya daga bakunan kogin Kwara, a juye kayansu cikin ƙananan jirage su kawo Ikko. Kowace juyawa kuwa kuɗi ce, da ɓata lokaci, da asarar kaya.

Wajen shekarar 1907 aka soma maganin abin. Aka riƙa fasa duwatsu a Aro, kusa da Abekuta, jirgin ƙasa yana kawo su, ana zubawa cikin teku har suka zama dogayen ganuwa a gabas da yamma da mashigar. Ganuwar ta matse ruwa, ya riƙa gudu da ƙarfi yana share yashi, jiragen yasa kuma suna ƙara wa hanyar zurfi. A watan Fabrairu na 1914 jirgin wasiƙu mai suna Akoko ya shiga har cikin tashar, shi ne na farko a cikin irinsa da ya yi haka.

Saura wurin jingina. Tsibirin Ikko ya yi ƙunci, layin dogo kuma a Iddo ya tsaya. Sai aka zaɓi Apapa, a gefen tudu, inda jirgin ƙasa zai iya zuwa har gindin jirgin ruwa. A shekarar 1926 aka gama dakali mai tsawon ƙafa 1,800, wanda manyan jirage 4 ke iya jingina da shi a lokaci guda. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙara masa kimanin ƙafa 2,500. A 1954 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya, ta kama aiki a watan Afrilu na 1955.

4. Yadda tasha take haifar da gari

Tashar jiragen ruwa wuri ne inda tilas kowane kaya ya tsaya, a sauke shi, a ƙirga, a auna, a biya masa kuɗin kwastan, a ajiye, sa'an nan a sake ɗora shi. Daga wannan tsayawa ayyuka iri huɗu ke fitowa, kowanne bisa kan na gabansa.

Na farko shi ne aikin tashar kanta: leburori, da masu tuƙa injin ɗaga kaya, da akawuna, da ma'aikatan kwastan, da masu tsaron sito, da masu jagorancin jirgi a mashiga, da maƙeran da ke gyaransa.

Na biyu shi ne aikin kuɗi da takarda. Mai kaya yana bukatar banki ya riƙe masa kuɗi, da kamfanin inshora ya ɗauke masa asara, da dillali ya fitar masa da kaya. Ba banza ba ne ya sa Alfred Jones, shugaban kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, shi ne ya kafa Bank of British West Africa a 1894, wanda ya yi aikinsa na farko a Ikko. Shi ne bankin da yanzu ake kira First Bank.

Na uku shi ne masana'antu. Duk mai sana'ar da ke jiran kaya masu nauyi daga ƙasar waje, kusa da jirgi zai so ya kafa injinsa. Tun cikin shekarun 1920 aka kafa gidan sabulu a Apapa. A 1962 kamfanin Flour Mills of Nigeria ya fara niƙa a nan Apapa, yana kwasar alkama daga cikin jirgi zuwa rumbunansa. Aka kuma yanka filayen masana'antu a Ikeja da Ilupeju.

Na huɗu shi ne aikin masu ciyar da duk waɗannan mutane da tufatar da su da ba su masauki. A nan ne Hausawa suka sami babban rabo. Shanu da albasa da wake suka riƙa gangarawa, goro yana hawowa, unguwannin Hausawa suka kafu a Agege da Idi-Araba da Obalende. Alhasan Ɗantata yana cikin fataken farko da suka bar doguwar hanyar Gwanja ta ƙafa, suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko.

Ƙidayar mutane ta nuna sakamakon haka. A 1911 mutanen Ikko kimanin 74,000 ne. A 1952 sun kai wajen 267,000, a 1963 kuma 665,000. A ƙidayar 2006 Jihar Legas ta tashi da kimanin mutum miliyan 9.

Fatakwal ta fi Ikko nuna abin a fili, domin ita tashar ce ta riga birnin. An gano kwal a ƙasar Udi, wajen Inugu, a 1909, aka shiga neman inda za a fitar da shi. Wajen 1912 aka sami ruwa mai zurfi a gefen tudu a kan kogin Bonny, aka sa wa wurin sunan Lewis Harcourt, Sakataren Ƙasashen Mulkin Ingila na lokacin. Dogo ya haɗa tashar da Inugu a 1916. Kafin 1963 mutanen garin sun kai kimanin 180,000.

Kada a ɗauka cewa abin duk alheri ne. Ganuwar duwatsun da ta buɗe bakin Ikko ita ce ta tare yashin da igiya ke kaiwa gabas, har teku ta riƙa cin gaɓar tsibirin Victoria shekara da shekaru. Ga cunkoso, ga tsadar haya, ga kuma ɓarnar da malalar man fetur ta yi wa masunta da manoma a ƙasashen bakin Kwara.

5. Dogo ya iso Zariya

An fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896, ya kai Ibadan a 1901, ya kai Jebba a 1909. Gwamnatin Arewa kuwa nata layin ta ja, daga Baro a bakin Kwara, da nufin kaya su sauka nan su bi kogi zuwa teku. An fara shi a 1907, ya ratsa Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, ya kai Kano a 1911. A 1912 aka haɗa layukan biyu suka zama hukuma ɗaya, a 1916 kuma aka gama gadar Jebba.

A lura da abin da ya sami Baro. Kwara ba ta ɗaukar manyan jirage sai 'yan watannin da ta cika. Da aka sami hanya miƙaƙƙiya zuwa Ikko, sai kaya suka daina tsayawa a Baro, garin kuma ya koma yadda yake.

Zariya ita ce ta ci ribar, domin ta zama mararraba. Bayan layin Kano da na Kaduna, an ja ƙaramin layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, aka gama shi a 1914 saboda kuza. An kuma ja wani ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Da yake layin Jos ya fi babban layi ƙanƙanta, tilas ne a sauke kuza a Zariya a sake ɗora ta cikin manyan taragu, wannan kuwa aiki ne ga leburori. Amma a 1927 babban layi ya kai Jos ta Kafancan, kuza ta sami hanyar Fatakwal ba juyawa. Ƙaramin layin ya yi ta ja da baya har aka rufe shi a 1957.

Tun wajen 1911 aka yanka filin Sabon Gari a ƙetaren rafin Kubanni, kusa da tasha, domin ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni, galibinsu mutanen Kudu. Kamfanonin da ke da sito a bakin teku suka buɗe kantuna a nan, irin su Niger Company da John Holt da Paterson Zochonis. Har yau mutanen Zariya suna kiran wani gefen garin PZ, da sunan wannan kamfani na ƙarshe. Watau Sabon Gari ƙaramar Apapa ce a tudu: wurin saukewa, da aunawa, da ajiya, da ɗorawa, kuma ayyukan nan huɗu da aka lissafa a baya duk sun tsiro a cikinta gwargwadon girmanta.

6. Auduga da gyaɗa

Masu masaƙun Ingila sun kafa ƙungiyar noman auduga a Mancesta a 1902, wadda aka sani da BCGA. Auduga suka yi fatan dogo zai kwaso daga Kano. Amma masaƙan gida sun fi su biyan kuɗi, manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in ciniki ya ƙi ana cin ta. Saboda haka tun daga kakar 1912 Kano ta zama ta gyaɗa, auduga kuwa ta kafu a Zazzau da kudancin Katsina da gabashin Sakkwato. Kafin Yaƙin Duniya na Farko BCGA ta kafa injin gurza a Zariya, daga baya ta ƙara wasu a Funtuwa da Gusau da Malumfashi.

Akwai dalilin da ya sa aka kafa injin gurza a Zariya, ba a Apapa ba, kuma ya kamata malami ya riƙe shi. In aka gurje auduga, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai ke zama zare, sauran duk gurya ce. Wanda ya kai auduga bakin teku da guryarta ya biya kuɗin taragu uku a inda ɗaya ya isa. Haka gyaɗa take, ɓawonta ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinta. Ƙa'idar ita ce, abin da ke rage nauyi in an sarrafa shi, kusa da gona ya fi dacewa a sarrafa shi. Abin da ke shigowa daga waje, kamar alkama, shi ne rabon bakin teku. Wannan ita ce ƙofar da ƙasashen tudu ke da ita ta riƙe nasu rabon.

Masu saye a ƙetare suna son kaya iri ɗaya mai kyau, saboda haka sai da aka gyara iri. A 1922 Samaru ta zama cibiyar aikin gona ta Lardunan Arewa. Daga irin audugar Amurka mai suna Allen, masanan Samaru suka tace irin da aka kira Samaru 26C da 26J, ana yaɗa su daga gonar Daudawa. Ta hannun hakimai da dagatai ake raba wa manoma irin kyauta. Su ne kuma ke tsayawa a tumɓuke tsofaffin itatuwan auduga a ƙone bayan kaka saboda tsutsa, a kai auduga fuloti a tantance ta lamba ɗaya ko biyu ko uku. A 1962 tashar Samaru ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello.

A 1949 aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da auduga, a 1954 suka koma hannun Jihar Arewa. Su ke yanka farashi, su ke sayarwa a ƙetare, rarar kuma ta shiga ayyukan gwamnati, ko da yake sau da yawa abin da manomi ya karɓa bai kai farashin duniya ba. Cikin shekarun 1960 ba ƙasar da ta fi Nijeriya fitar da gyaɗa. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda ɗaya kan kai buhu 15,000, alamar arziki ce, amma kuma alamar cikas ce: bayan Yaƙin Duniya na Biyu reluwe ba ta da isassun injuna da taragu, sai gyaɗa ta yi ta jiran jirgi, wata har kaka ta zagayo.

Shugabannin Arewa sun so a ƙara tsayar da kaya a gida. A 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki da audugar Arewa. A 1959 kamfanin taba ya buɗe ma'aikatarsa a Zariya, kusa da manoman da ke noma masa ganye. Aka keɓe filin masana'antu a Cikaji, cikin Sabon Gari, inda tasha da ma'aikata da kasuwa ke kusa. A wannan fili ne daga baya kamfanin irin shuka na Premier Seed ya kafa gidansa, ba nisa da masanan Samaru.

7. Da zamani ya juya

An sami man fetur a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi ta Fatakwal a 1958. Kafin 1974 ya zama fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin da Nijeriya ke samu daga ƙetare. Shi man fetur a bakin teku yake fitowa, ta bututu yake shiga jirgi, ba ya neman tarago, ba ya tsayawa a Zariya.

A daidai lokacin ne masifu suka auka wa noman Arewa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya toshe layin Fatakwal. Fari ya biyo baya daga 1972 zuwa 1974, a 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki. Dalar gyaɗa ta ɓace. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki, rabon iri da tantance kaya suka rasa mai tsaya musu.

Tashoshin bakin teku kuwa ba su daina girma ba, sai dai sun juya baya ga tudu, suka zama ƙofar shigo da kaya. A 1975 odar siminti da gwamnati ta yi ba lissafi ta sa jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin Ikko, wasu watanni suna jira, ana biyansu kuɗin jinkiri. Wannan ya sa aka gina tashar Tin Can cikin gaggawa, aka buɗe ta a watan Oktoba na 1977.

Reluwe, wadda ta ɗauki kusan ton miliyan 3 na kaya a 1964, ta yi ta lalacewa har abin da take ɗauka ya zama ɗan kaɗan ƙwarai kafin shekarar 2000. Manyan motoci suka gaje ta, ga tsada, ga kashe hanya. Babbar mota kuwa ba ta bukatar mararraba. Daga ƙauye take ɗauka ta zarce. Yadin ƙetare mai arha ya cika kasuwa, wutar lantarki ta yi ƙaranci, masaƙar Kaduna ta rufe a 2002. Da masaƙu suka tsaya sai injunan gurza suka rasa mai saye, manomi kuma ya bar auduga ya koma masara. Duk wanda ya san Sabon Gari a da, ya san yawan siton da suka zama kango ko aka mai da su wani abu dabam.

8. Halin da ake ciki

Yanzu galibin kayan kanti a cikin kwantena suke tafiya, watau babban akwatin ƙarfe wanda ake rufewa tun daga inda aka cika shi, ba a buɗewa sai ya kai. An fara wannan dabara a Amurka a 1956, kuma manyan jirage na yau suna ɗaukar fiye da 20,000. Irin waɗannan jirage ruwa mai zurfi suke so. A 2006 gwamnati ta ba kamfanoni hayar dakalan Apapa da Tin Can su gudanar, a 2023 kuma aka buɗe sabuwar tasha a Lekki, gabas da Ikko, mai zurfin mita 16 da rabi. Kusa da ita ne Alhaji Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Alhasan Ɗantata, ya gina matatar mai wadda aka tsara ta tace ganga 650,000 a kullum, ta fara aiki a 2024. Mutumin Kano ne, amma a bakin teku ya kafa ta, domin ɗanyen mai ta ruwa yake zuwa, tataccen ma ta ruwa yake fita. Ƙa'idar ba ta sake ba.

Kwantena ta zo wa tudu da wata dama. Da yake a rufe take tafiya, ana iya yin aikin kwastan da na takarda a ko'ina, ba lalle sai a bakin ruwa ba. Wannan shi ne ma'anar tashar tudu. An buɗe ta Kaduna a Kakuri a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024. Zariya tana tsakiyar su ukun. Sabon layin dogo mai faɗi ya haɗa Abuja da Kaduna a 2016, ya haɗa Ikko da Ibadan a 2021. Amfanin tashar tudu ya rataya ne a kan samun jirgin ƙasa mai zuwa a kan kari, da kuma samun kayan da za a cika kwantena in za ta koma. Kwantenar da ta zo cike ta koma wayam, kuɗin dawowarta a kan mai sayen kaya a kasuwar Sabon Gari yake faɗawa.

9. Abin da ya rataya a wuyan hakimi da malaminsa

Hakimi ba ya gina tasha, ba ya shimfiɗa dogo. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da soke haraji a Jihar Kaduna a 1979, yawancin ikon da yake da shi a da ya koma wasu hannaye. Amma har yanzu shi talakawa ke ji, shi kuma hukuma ke tambaya. Ga abubuwa biyar da ke cikin ikonsa.

Na ɗaya, tsabtar kaya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Waɗanda suka zuba maganin ba su da yawa, amma kowa ya sha hukuncin. Wake ɗaya ke ɓata gari. Haka nan tun 1960 aka gano gubar da fumfuna ke haifarwa a gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, masu saye kuma suna gwada ta. Ya kamata hakimi ya gargaɗi dagatai da sarakunan kasuwa game da shanya kaya a ƙasa, da zuba yashi ko ruwa don ƙarin nauyi, da ajiya da maganin da ba a yarda da shi ba.

Na biyu, lissafi. Wannan aikin malami ne. Ya buɗe littafi ya riƙa rubuta abin da kowace gunduma ke nomawa, da buhu nawa ke fita kowace ranar kasuwa, da farashi, da kuɗin mota, da inda aka nufa da kayan. Mai neman wurin kafa inji lamba yake tambaya, ƙasar da ke da ita a rubuce kuwa ta riga wadda ba ta da ita.

Na uku, fili. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ba da fili a hannun gwamna da ƙaramar hukuma, amma hakimi ne ya san mai gona da iyakarta. Ya taimaka a sami wurin sito da injin casa da na matsar mai ba tare da rigima ba, a kuma biya masu gona hakkinsu cikakke. Filin da aka keɓe wa masana'antu, irin na Cikaji, ya yi ƙoƙari kada a yayyanka shi a mai da shi gidaje.

Na huɗu, hanya. Kowane shingen karɓar kuɗi ba bisa doka ba, da kowace gada da ta karye, da kowane dajin da direba ke tsoron ratsawa, daga farashin manomi ake cire kuɗinsu. Hakimi ya riƙa kai rahotonsu a rubuce, da wuri da rana.

Na biyar, haɗin kai da ilmi. Kwantena ɗaya tana cin kusan ton 20 na riɗi, abin da ƙaramin manomi ɗaya ba ya iya tarawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manoman da suka haɗa kai suka shuka iri ɗaya, suka tsabtace, suka cika buhu da awo ɗaya, suna iya ciniki da mai fitarwa ba sai ta hannun 'yan baranda ba. Ingantaccen iri yana nan a Samaru, ilmin sufuri kuma yana nan a Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, wadda aka kafa a Zariya a 1986. Hakimi ya tura matasan ƙasarsa su nema.

10. Tambayoyi don nazari

1. Me ya sa ba a kai gyaɗa Tarabulus a bayan raƙumi ba?
2. Waɗanne ayyuka huɗu ne tashar jiragen ruwa ke haifarwa? A kawo misalin kowanne daga Sabon Gari.
3. Me ya sami Baro bayan 1912, me kuma ya sami cinikin kuza a Zariya bayan 1927?
4. Don me aka kafa injin gurza a Zariya, aka kafa injin niƙan alkama a Apapa?
5. Malami ya lissafa amfanin gona uku da ke fita daga ƙasar hakiminsa ba a yi musu wani aiki ba. Ya rubuta aikin da za a iya yi wa kowanne kafin ya hau mota, da abin da ke hana a yi shi.